Yaƙin Kwalin Takunkumi, ko Yadda Badamasi Mai Wasiƙa Ya Ci Hedikwata

Da sunan wanda ya halicci nesa da kusa, ya shimfiɗa hanya a tsakaninsu, sa'an nan ya halicci masu kai saƙo don kada mutanen nesa su manta da na kusa. Bayan haka, ku karkaɗe kunnuwanku, ku gyara zama amma kada ku matsu da juna, ku ji tarihin sadauki ɗan sadaukai, hasken ambulan, majinginar kan sarki, wanda ke buga ƙofar kowa ba a ce masa wa ya aiko ka, abokin gabar karnukan Unguwar Rini, wato Badamasi ɗan Ilu ɗan Mato ɗan Gagare, mai raba wasiƙu na gidan wayar Kwarin Goriba.

Ba haye ya yi ba, gado ya tarar. Gagare, tushen zuriyar, shi ne manzon da ake maƙala wa takardar hakimi a tsagin gora, ya fita da gudu da hantsi, ya isa inda aka aike shi tawada ba ta gama bushewa ba. Ɗansa Mato ya ɗauki buhun wasiƙu a kan jaki, kuma masana sun haɗu a kan cewa ranar da gulbi ya kawo ya tafi da jakin, Mato ya fito tsallake da buhun a ka, ko takarda ɗaya ba ta jiƙe ba. Ilu ɗan Mato ya yi zamaninsa a kan baƙin keke, karnuka bakwai suka cije shi a shekara talatin, bai taɓa cewa wayyo ba sai a na bakwai. Daga wannan tsatso mai albarka Badamasi ya fito, mutum gajere mai faɗin ƙirji da ɗan tumbi, mai shekara arba'in da shida, ya gaji jakar fata, ya gaji juriya, aka kuma ɗora shi a kan jan babur wanda ba ya tashi sai an tura.

To, a shekarar da annobar korona ta sauko wa duniya, aka rufe kasuwanni, aka sallami 'yan makaranta, aka hana musafaha har tsakanin wa da ƙane, sai hukuma ta yi shela cewa gidan waya yana cikin ma'aikatun da ba a rufewa. Dalili kuwa a fili yake. Ko da wayar hannu ta cinye wasiƙun gaisuwa da na soyayya, har yanzu ta gidan waya takardun 'yan fansho ke tafiya, ta nan ƙunshin maganin tsofaffi ke zuwa daga 'ya'yansu na birni. Sai rundunar Kwarin Goriba ta tsaya a fagen fama, ita kuwa rundunar mutum huɗu ce rak: shugaba Malam Haladu, mai tsoron takardar tuhuma fiye da tsoron kabari, Malama Zulai mai zama a bayan kantar ciniki, wadda ke sayar da kan sarki tana karɓar saƙonni, Baba Sambo mai gadi, sai gwarzon namu.

Ran nan sakula, wato takardar umarni, ta iso daga hedikwata, mai hatimi biyu da sa hannu uku. Ta ce wajibi ne kowane ma'aikaci ya rufe baki da hanci da takunkumi a bakin aiki, wanda aka kama fuska a buɗe zai amsa tuhuma. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, ta ce an tanadi takunkumai a sito na hedikwata. Ba ta faɗi yadda za su taho ba.

Takunkumi ɗaya tal rundunar ta mallaka, shuɗi, irin wanda ake sawa sau ɗaya a yar, wani mai kantin magani ne ya ba Malam Haladu. Aka bar wa Malama Zulai shi, don ita ke fuskantar jama'a, ga ta kuma da ciwon fuka tun tana budurwa. Kullum sai ta wanke shi ta shanya a taga. Kafin mako uku ya koma kamar saƙar gizo, har ana ganin haƙoranta ta ciki in ta yi murmushi, ko da yake a kwanakin nan murmushin ya yi ƙaranci.

Ana nan, wata Litinin da hantsi, sai ga Sajan Mamuda mai ritaya, tsohon soja mai kurman kunne, ya zo aika takardar fansho. Ya sayi kan sarki, ya lashe bayansa da harshe lasa mai kyau irin ta mutanen da, ya manna, sa'an nan ya sunkuyo kan kantar ya saki tari uku a jere, kowanne kamar tashin igwa, ya miƙa ambulan ɗin yana danshi. Malama Zulai ta karɓa da yatsa biyu. Da tsohon ya fita, sai ta zauna, ta laluba jaka ta ciro abin shaƙarta, Badamasi kuwa yana can gefen teburin tantance wasiƙu, ya ga ta kai shi baki ta shaƙa.

Ita ce ta koya masa aikin nan shekara goma sha takwas da suka wuce, ita ta rufa masa asiri ranar da ya kai sammacin kotu gidan biki. Ya matso ya ce, “Yaya Zulai, lafiya?”

Ta ce, “Ni ba mutuwar nake tsoro ba, Badamasi. Tsorona in kwasa in kai wa Inna gida. Ka san ɗaki ɗaya muke kwana, ga shi ta haura tamanin.”

Nan fa jinin Gagare ya motsa. Badamasi ya nufi ofishin shugaba da takun da ya sa ƙadangaru suka watse daga bango.

“Yallaɓai, takunkuman nan fa?”

Malam Haladu ya ce, “Sau huɗu na rubuta musu. Shiru.”

“Ta ina aka aika, Yallaɓai?”

“Ta gidan waya mana.”

Suka dubi juna. Kowannensu ya san abin da ya sani game da saurin gidan waya. Sa'an nan sadauki ya daki ƙirji, ya yi rantsuwar da har yau ake ambato a Kwarin Goriba, ya ce rana ba za ta faɗi gobe ba sai kwalin takunkumi ya kwana a ƙarƙashin wannan rufi, ko kuwa a ɗebe sunansa daga zuriyar Mato.

Gari ya waye, Talata, ya yi shirin yaƙi. Ya sa sulkensa, wato kakin aiki wanda maɓallin ciki ya daɗe da yin hijira. Ya kifa kwalkwalinsa, hular kwano mai tsagi a ƙeya. Ya rataya jakar fata ta kakanni, a cikinta akwai takardar neman kaya mai hatimin shugaba, da 'yan ambulan, da damin robar ɗaure wasiƙu. Malama Zulai ta miƙo masa shuɗin takunkumin, ya ɗaga hannu ya ƙi, ya ce barde ba ya tafiya da garkuwar mata. Ya hau jan babur, Baba Sambo ya kama baya ya tura, ya tura, har suka wuce rumfar mai shayi, sa'an nan dabbar ta yi atishawa, ta yi tari, ta saki baƙin hayaƙi ta kama. Badamasi ya ɗaga murya ya yi kururuwar yaƙi: “Yau ko ni ko sito!” Wata akuya ta amsa masa.

Tsakanin Kwarin Goriba da birnin hedikwata mil arba'in ne da ɗoriya, hanya kuwa fayau, ba mota ba mai tafiya, sai shaho a sama. Ya ci rabi lafiya. A bakin gada ya tarar da sansanin farko na abokan karawa: durom biyu, katako mai ƙusoshi a gicciye, da jami'an kulle su shida riƙe da kulake. Babbansu dogo ne, ya saukar da takunkuminsa ƙarƙashin haɓa kamar gemun aro, yana cin gyaɗa.

“Kai! Ina takunkuminka?”

“Shi za ni ɗaukowa, Ofisa. Aikin hukuma ne, ga takarda.”

Ofisa ya karɓi takardar, ya duba ta a juye, ya mayar. Ya ce takarda ba ta rufe hanci. Ya nuna bakin titi, inda wani mai kifi da wani malamin firamare suka riga suka kama kunnuwansu.

Maƙiya da 'yan baƙin ciki sun yaɗa cewa wai jikan Mato ya yi tsallen kwaɗo a wannan rana. Mu masu rubuta tarihi ba mu musanta cewa ya tsuguna ba, ba mu musanta cewa ya kama kunne ba, ba mu kuma musanta cewa ya yi ta tuma daga durom zuwa ƙarshen gada ya dawo ba. Abin da muke cewa shi ne, ba a taɓa ganin tsalle mai kwarjini irin wannan ba, hular kwano na rawa, jakar kakanni na dukan kwankwaso, har ya tsere wa mai kifi da tazarar taku biyar. Da ya miƙe, Ofisa da kansa ya ce a janye katako, ya kuma sa mai kifi da malamin firamare suka tura masa babur. Haka aka ci gada.

Rana ta take tsaka lokacin da ganuwar hedikwata ta bayyana, bene hawa uku, mai ƙofar ƙarfe da allo an rubuta da jan fenti: BA TAKUNKUMI, BA SHIGA. Mai tsaron ƙofar ya fito riƙe da wata farar bindiga, ya ɗora bakinta a tsakiyar goshin Badamasi. Da wani ne, da ya sheƙa. Ɗan Ilu ko ƙiftawa bai yi ba, ya dai karanta abin da ya sawwaƙa a zuci. Bindiga ta yi ƙara, ta nuna ja.

“Malam, jikinka da zafi. Koma can.”

“Rana ce, ɗan'uwa. Mil arba'in na yi a cikin kwano.”

Aka tsugunar da shi a gindin darbejiya, nesa da mutane, kamar mai kuturta. Can ya yi shawara da zuciyarsa, ya sayi fiya wata leda biyu, ya sha ɗaya, ya juye ɗaya a ka. Da aka sake harbinsa, bindiga ta nuna kore, har ma ta nuna sanyin da ya kamata a ce mai shi ya riga mu gidan gaskiya, amma mai gadi bai damu da wannan ɓangaren ba. Ya nuna allo da baki.

“Ai takunkumin na zo karɓa.”

“To ka sa shi ka shiga ka karɓa.”

A nan ne hikimar da ta bambanta shugabannin yaƙi da sauran dakaru ta bayyana. Badamasi ya buɗe jaka, ya zaro babban ambulan ruwan ƙasa, ya huda gefe da gefe da makullin babur, ya zura robar ɗaure wasiƙu, ya maƙala a kunnuwa. Ambulan ya rufe shi daga ƙarƙashin ido har wuya, a daidai bakinsa kuwa ga jan hatimi yana cewa GAGGAWA. In ya ja numfashi takarda ta manne, in ya saki ta kumbura. Mai gadi ya dube shi, ya dubi allo, ya sake dubansa. Allo bai faɗi da me za a yi takunkumin ba. Ƙofa ta buɗe.

Sito yana can ƙarshen wani dogon lungu. A ciki, a bayan tebur, Malam Ladan sitokifa yana zaune, siriri mai tabarau, makullai goma sha biyu a ɗamararsa. A bayansa kuwa, ya jama'a, kwalaye ne jere kan jere har rufi, kowanne an rubuta takunkumi a jikinsa. Idon Badamasi ya ciko. Ya miƙa takarda da hannu biyu, ya yi bayani, murya na fita ta cikin ambulan kamar mai magana daga rijiya.

Malam Ladan ya ce kaya kam akwai, Alhamdu lillahi, mako biyar ke nan da zuwansu. Sai dai ba a taɓa su sai an cika fom mai sa hannu uku. Mai hannu na farko yana aiki daga gida, gidan kuwa ba a san inda yake ba. Mai na biyu ya killace kansa. Na uku shi ne Malam Ladan, shi kuma doka ta hana shi sa hannu sai na farko da na biyu sun sa. Ban da haka ma, ko da hannaye ukun sun cika, ba a fitar da kaya sai Babban Darakta ya ƙaddamar da rabon, an kuwa ɗage bikin sau uku, sai yau Allah ya yi, yanzu haka ana jera kujeru a zaure.

“Bayan an ƙaddamar za a ba ni?”

“Bayan an ƙaddamar za a kafa kwamitin rabo.”

Badamasi ya fito lungu ya jingina da bango. Ya tuna Malama Zulai riƙe da abin shaƙa, ya tuna rantsuwar da ya yi, ƙafafunsa kuma suka tuna gada. A karo na farko tun fitowarsa, ya ji zuciyarsa ta karye.

Yana nan tsaye sai ga wata mata ta taho da sauri, takalmi na ƙwas-ƙwas, takardu a hammata. Jami'ar hulɗa da jama'a ce, tun safe take neman ma'aikacin karkara na ainihi wanda zai karɓi kwali daga hannun Darakta a gaban 'yan jarida, duk wanda ta samu kuwa sai ta ga ya cika tsabta. Da ta ga Badamasi, kaki ya yi buɗu-buɗu, gwiwa da ƙasa, ido ya yi ja, sai ta ce, “Alhamdu lillahi! Malam, biyo ni.” Ta fizge ambulan, ta ba shi sabon takunkumi fari fat, ta ce aro ne, na hoto.

Zauren na mutum tamanin ne, aka zuba masa ɗari uku, aka rufe tagogi saboda na'urar sanyi. Kafaɗa na gugar kafaɗa, gwiwa na sukar bayan na gaba. Masu jawabi tara suka hau, kowanne sai ya saukar da takunkumi, ya hura makirfo fu, fu, ya ja hankalin jama'a a kan muhimmancin ba da tazara, sa'an nan ya miƙa wa na bayansa. Aka gode wa Darakta saboda hangen nesa, aka gode masa saboda tausayi, aka gode wa wanda ya gode masa. Sa'a biyu cur sadauki yana tsaye a gefen dandamali kamar ragon da ake ciniki. Daga ƙarshe Babban Darakta ya taso, babbar riga na jan ƙasa, aka kawo kwali mai kyau an ɗaure shi da koren kirtani mai sheƙi, ya ɗora a hannun Badamasi, ya ce da sunan hukuma ya miƙa wannan ga jaruman ma'aikatanmu na karkara. Fitilun hoto suka yi ta walƙiya. Aka yi tafi.

Tafi bai gama mutuwa ba Malam Ladan ya ɓullo ta bayan labule, ya kama gindin kwalin.

“To, Malam, an gama. Kawo.”

Jami'ar ma ta miƙo hannu: “Da takunkumin.”

Ya ku masu sauraro, an yi gumurzu a duniya, an yi artabu, an yi ɗauki-ba-daɗi, amma ba a taɓa yin irin na wannan rana ba. Ladan ya ja gabas, Badamasi ya ja yamma. Makullai goma sha biyu suka yi ta kuka. Tabarau ya faɗi, wani mai jawabi ya taka. Wasu masinjoji biyu suka kawo wa sito ɗauki, suka kama Ladan ta ƙugu, jikan Mato kuwa ya kafa ƙafafun nan da gada ta gasa, ya rungume ganima a ƙirji, ya tattaro muryar kakanni uku ya kwarma ihu: “Na Kwarin Goriba ne! Darakta ya ba ni a gaban jama'a!”

'Yan jarida da suka fara naɗe wayoyinsu suka juyo da kyamarori gaba ɗaya. Babban Darakta ya dubi kyamarori, ya dubi kwali, murmushi ya dawo masa a hankali kamar wutar lantarki bayan an daɗe da ɗaukewa. Ya ce, “A'a, Malam Ladan, ku bar shi mana. Ai dominsu muka yi.”

Badamasi bai tsaya jin ƙarshen zance ba. Ya keta taro, ya bi lungu, ya wuce mai farar bindiga, ya ɗaure kwali a bayan babur da dukkan robar da ta rage, ya tura dabbarsa da kansa a gangaren bakin ƙofa, ya daka tsalle ya haye. A gada ma ba a tsayar da shi ba, gama yanzu fuskarsa a rufe take da farin aro, Ofisa har ya ɗaga masa kulki.

Duk tsawon hanya yana jin guɗar da za a yi. Yana ganin Malam Haladu ya fito bakin ƙofa, Baba Sambo na yi masa kirari, Malama Zulai na share hawaye. Ya shigo Kwarin Goriba bayan la'asar, rana ba ta faɗi ba, rantsuwa ta cika. Ya danna ham tun daga rumfar mai shayi. Babu wanda ya fito.

Ya kinkimi kwali ya shiga. A bakin ƙofa ga Baba Sambo, fuskarsa a rufe da atamfa kore mai zanen butoci. A bayan kantar ga Malama Zulai, atamfa kore mai butoci. Daga ofis Malam Haladu ya leƙo, shi ma butoci.

Malama Zulai ta ce, “Sannu da hanya, Badamasi. Wanke hannu tukuna, ga bokiti can.”

Ashe bayan fitarsa ta ga zaman jira ba zai yi ba, ta leƙa asibitin sha-ka-tafi ta tambayi nas, nas ta ce ƙyalle mai kauri ninki uku ya fi babu nesa ba kusa ba, in dai ana wankewa. Ta ɗauko tsohon zanenta ta kai wa Tabawa mai ɗinki, nan bayan gidan waya, taku ashirin. Kafin azahar an ɗinka goma sha biyu, har an kai wa Inna biyu, an ba Sajan Mamuda ɗaya.

Badamasi ya tsaya da kwali a hannu. Ya ce, “Yallaɓai, to me ya hana a yi haka tun mako uku da suka wuce?”

Malam Haladu ya ce, “Sakula ba ta ce a ɗinka ba. Cewa ta yi an tanada.”

Duk da haka aka kewaye ganima, aka kwance koren kirtani da girmamawa. A sama ga takunkumai takwas a jere, farare, an shimfiɗa su yadda za su cika ido. Baba Sambo ya ce ya ji a rediyo yadda ake gwada na ƙwarai. Ya ɗaura ɗaya, ya ƙyasta ashana, ya hura. Wuta ta mutu nan take, har takardar da ke kan tebur ta motsa. Ya mayar da na butoci, ya sake ƙyastawa, ya hura har jijiyar wuyansa ta tashi, harshen wutar ya ɗan rusuna kawai ya miƙe. Malam Haladu ya tattara takwas ɗin ya kulle a durowa, ya ce ko ba sa tare iska, kayan hukuma ne.

Sa'an nan aka ɗaga takardar da ke ƙarƙashinsu, don a ga sauran. Babu sauran. Abin da ya ba kwalin nauyi, abin da ɗan Ilu ya yi wa kokawa da mutum uku ya goyo mil arba'in, tsofaffin wasiƙu ne, dami-dami, sun yi jawur don daɗewa, waɗanda aka kwaso daga wani lungun hedikwata aka cusa don kwalin hoto ya yi kama da cikakke. Malama Zulai ta zauna ta tantance su, don hannunta ba ya iya ganin wasiƙa ya ƙyale. Talatin da ɗaya na mutanen Kwarin Goriba ne. Malam Haladu ya ce sauran a mayar hedikwata ta gidan waya, waɗannan kuwa, ya tura su gaban sadauki, gobe da safe sai a raba.

Da safe Badamasi ya fito yana tafiya kamar mai sabuwar kaciya, takunkumin butoci a fuska, jaka a kafaɗa. Wasiƙar farko ta wani Jatau Bawa ce, Unguwar Rini. Ya same shi a ƙofar gida yana feƙe ƙotar fartanya, mutum mai furfura a gemu, shi ma da ƙyalle a fuska. Jatau ya goge hannu a riga, ya yage ambulan, ya karanta a hankali yana bin layi da yatsa. Hatimin ya nuna shekara goma sha huɗu ke nan da rubuto ta.

Ya ce, “Ikon Allah. Wai an ɗauke ni aikin raba wasiƙu a gidan waya. Sun ce in zo ranar Alhamis da ƙarfe takwas, kada in makara.”

Jatau ya ninke takardar, ya sa a aljihu, ya ɗauki ƙotarsa.

“An gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Amma ja abin nan sama, hancinka a waje yake.”